Haɗin wayar bolum da ton a jitar lantarki: na zamani, na 1950, ko tirebul bilid?

Satin da ya wuce wani yaro da nake koya wa jita ya zo min da Epiphone Les Paul ɗinsa ta hannu da ya siya a Sabon Gari, ya riga ya kwance murfin baya sukurorin suna aljihunsa, yace yaya dan Allah raba min gardama. Matsalarsa ita ce in ya rage bolum daga 10 zuwa wajen 6 sai sautin ya dushe kamar an lulluɓe sifika da bargo. Ya tambayi mutum uku kowa da tasa, ɗaya yace ya koma haɗin 1950, ɗaya yace ya saka tirebul bilid, na ukun kuma yace ya cire komai ya sa fikof mai batir ya huta, fikof shi ne abin nan da ke ƙarƙashin wayoyin jita yana ɗaukar sautinsu. Nasan ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba, masu bugawa a coci a Sabon Gari, ƴan situdiyo na Zoo Road, masu zuwa dina da kamu, da samarin da suka kamu da salon jitar Agadas, duk tambayar ɗaya ce. Shi yasa na zauna na rubuta abinda na gaya masa, da ƙari.

Da farko ka gane abinda ke cikin ramin. Abinda kake murɗawa ɗin nan sunansa fot, irinsa ne a tsohuwar rediyo wanda masu gyara ke ce wa bolum, yana da ƙafa uku. A fot ɗin bolum ƙafa ɗaya ita ke karɓar sauti daga fikof, ta tsakiya ita ke fitar da shi zuwa jak inda ake jona kebul, ta ukun an lanƙwasa ta an like da gwangwanin fot ɗin, ita ce at, wato earth na masu aikin wuta. Shi kuma ton fot ne da kafasita ɗaya, aikinsu su kwashi siririn sauti su zubar a at. Shikenan fa. Duk rigimar da ake yi a kan inda za a like waya ɗaya ce ko biyu.

Me yasa sauti ke dushewa in ka rage bolum? Ba lalacewa bace. Kebul ɗin da ke tsakaninka da amfilifaya shi kansa yana aiki kamar ƙaramar kafasita, kebul na yau da kullum yana da kusan 100pF a kowace mita (pF da uF ma'aunin girman kafasita ne), kaga na mita 6 ya tasam ma 600pF kenan. In bolum na kan 10 sauti na wucewa kai tsaye, amma da ka rage sai wani ɓangare na fot ɗin ya shiga tsakani, shi da kebul su haɗu su zama matata mai tace kaifin sauti. Iya tsawon kebul iya dushewar, kuma fot mai lamba 500k a jikinsa ya fi mai 250k yin wannan. Mu kuma a nan ka san yadda ake, a ajiye amfilifaya can bayan kanofi a miƙo maka kebul kamar igiyar rijiya.

Abubuwan da na auna kowane zaɓi da su

Abu na farko kuma mafi girma, yaya hannunka yake da bolum? Akwai wanda tunda ya siyi jita bolum da ton na kan 10 bai taɓa motsa su ba, akwai wanda ɗan yatsansa kullum na kai, in mawaƙi ya shigo ya rage, in lokacinsa ya zo ya ƙara. Waɗannan mutum biyun ba abu ɗaya suke buƙata ba. Sai kuɗi, kuma ba farashin kawai ba, har da ko zaka samu kayan a Kano ko sai ka yi oda daga Legas ko waje ka zauna jira. Sai juriya, domin ƙurar hunturu da zafin Afrilu da gumin hannu ba sa raga wa komai. Sai sauƙin aiki, zaka iya da kanka ko sai ka kai wa mai gyara. Na ƙarshe haɗari, wato me zai iya ɓaci, kuma in abin bai maka ba zaka iya maida shi yadda yake?

Kafin haɗi, duba fot ɗin kansa

Wannan nake so ka fara yi tun kafin ka jona ayan, ƙarfen like dalma, a wuta, domin sau da yawa a nan matsalar take. Al'adar da aka saba, kamfanin Fender na sa 250k a fikof mai nadin waya ɗaya a cikinsa irin na Stratocaster da Telecaster saboda su dama kaifi ya musu yawa, Gibson kuma 500k a hambaka, wato fikof mai nadi biyu, saboda ita sautinta mai kauri ne tana son a buɗe mata. Jazzmaster har 1 meg ake sa mata. Iya girman lambar iya hasken sautin. In ka sa 250k a hambaka zata yi duhu ko bolum na kan 10, in ka sa 500k a fikof ɗin gada na Telecaster, wato na kusa da inda wayoyi ke kamawa a jikin jita, zai iya soke maka kunne.

Kuma kar ka yarda da abinda aka rubuta a jiki, sa mita ka auna ƙafafu biyu na gefe bayan ka cire wayar fikof. Fot mai araha yakan kauce da kashi 20 cikin 100, wato wanda aka rubuta wa 500k zai iya zama 400k. Akwai wanda na taɓa siya a wani shago, an buga 500k a bayansa, na je gida mita ta nuna min ƙasa da hakan sosai, tun daga ranar da mitata nake shiga kasuwa.

Sai harafin da ke gaban lambar. A kayan Asiya A na nufin odiyo, wanda ke tafiya daidai da yadda kunne ke ji, B kuma liniya, mai tafiya bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Jitocin Chana da yawa B ake sa musu a bolum, sai kaga daga 10 zuwa 3 kusan babu bambanci, sannan sauti ya faɗi gaba ɗaya lokaci guda. Ni A nake sawa a ton kullum, a bolum ma yawanci A, sai dai wanda ke bugawa da distoshan, wato kaushin sauti, mai yawa wani lokacin yafi jin daɗin B.

Wani abu da ke cin kuɗin mutane a banza: girma. Fot ɗin kamfanin CTS na Amurka wuyansa inci 3/8 ne, ramin jitocin Asiya irin Squier da Epiphone da yawa milimita 8 ne ko ƙasa, ba zai shiga ba sai an faɗaɗa ramin, kuma haƙoran kansa 24 ne alhali murfin murɗawa da ke jitarka na mai haƙora 18 ne, sai ka sake siyan murfi. Alpha na ƙasar Taiwan shi yakan shiga ba tare da rigima ba, yafi araha, kuma babbansa mai faɗin milimita 24 yana aiki tsakani da Allah. In Les Paul ce mai tudun gaba ka auna kaurin katakon, wasu sai fot mai dogon wuya.

Haɗin zamani

Shi ne wanda kusan kowace jita ke zuwa da shi daga kamfani. Ton yana like a ƙafar da fikof ke shigowa. Kuɗinsa babu, tunda yana nan. Juriya ba abinda zai ƙara lalacewa. Alfanunsa shi ne kowa na aikinsa, bolum na rage ƙara, ton na rage kaifi, ɗaya baya shiga harkar ɗaya, in kana kan dandamali cikin hayaniya ka san inda 7 take ka san inda 4 take. Aibinsa shi ne wannan dushewar da muka faɗa.

Amma tsaya, ba kowa ke ganinta a aibi ba. Mai Stratocaster da ke bin bayan mawaƙi yana kaɗa kod, in ya rage bolum sautin ya ɗan yi laushi, ai hakan ma gyara ne, ya koma baya ya bar wa murya fili. Kuma in kai mai barin komai a 10 ne, toh ka sani a kan 10 haɗin zamani da na 1950 da mai tirebul bilid duk abu ɗaya ne a wajen lantarki, babu bambancin ko ƙwayar gero. Duk wanda yace maka canza haɗi zai gyara maka sauti alhali baka taɓa bolum, kuɗinka yake so.

Haɗin 1950

Ana kiransa haka ne saboda haka Gibson ke haɗa Les Paul a shekarun 1950, jitar ta fito 1952, hambakar da Seth Lover ya ƙera ta hau kanta a 1957. Bambancin waya ɗaya ne tak a kowane bolum: ka cire ƙafar kafasitar ton daga inda fikof ke shigowa ka maida ta ƙafar tsakiya ta bolum. Baka siyi komai ba sai ɗigon dalma.

Abinda zaka ji shi ne in ka rage bolum sautin na raguwa amma yana nan a buɗe, baya shiga bargo kamar da. Wanda ke ɗan tura amfilifaya ta fara kaushi sannan ya rage daga jita don ta wanke, wannan haɗin kamar don shi aka yi. Ni a jita mai hambaka biyu shi nafi so, kuma shi na yi wa yaron nan, muka gama cikin minti kaɗan ya jona ya buga ya ɗago yana murmushi.

Sai dai yana da halinsa, kuma dole na faɗa maka tun yanzu. Bolum da ton sun zama kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya, in ka taɓa ɗaya sai ɗayar ta motsa. In bolum na kan 6 ka rage ton, ƙarar ma zata ɗan sauka. In ka rage bolum, yadda ton ke aiki ya canza. Wasu wannan ne ma abinda suke so, suna samun launuka da yawa a tsakani, amma wanda ke son abu tsayayye, kamar mai bugawa a coci da mai miksa ya riga ya saita masa ƙara, zai iya jin haushi a satin farko. Kuma ba ya hana dushewar ɗari bisa ɗari, in kebul ɗinka mita 10 ne zaka ji saura.

Wajen sauƙi, a Les Paul da SG da Telecaster da duk jita mai bolum ɗaya ton ɗaya, irin Yamaha Pacifica, aikin yaro ne. A Stratocaster mai ton biyu akwai ɗan ciwon kai saboda ton ɗin ta cikin suwic suke bi, sai dai ka maida ɗaya ya zama ton na kowa da kowa tukunna. Haɗari kusan babu, in bai maka ba ka maida wayar inda take.

Tirebul bilid

Wannan ƙaramar kafasita ce da ake ɗorawa tsakanin ƙafar shigowa da ƙafar tsakiya ta bolum, ta zama kamar ɓarauniyar hanya, in ka rage bolum siririn sauti ya bi ta nan ya wuce ba a tace shi ba. Ba sabon abu bane, Fender ta sa 0.001uF a Telecaster tun ƙarshen shekarun 1960, kamfanin jita na PRS kuma 180pF suke sawa. Hanya uku ake yinsa. Kafasita ita kaɗai, wadda tafi sauƙi amma in tayi girma sai sauti ya zama siriri kamar na gwangwani in ka sauka ƙasa da 5. Kafasita da resista gefe da gefe, misali 0.001uF da 150k, ko irin na kamfanin fikof na Seymour Duncan 0.002uF da 100k, wannan na riƙe kaurin sauti amma yana canza tafiyar bolum, sai kaga ƙarar bata saurin sauka. Sai kafasita da resista a jere ɗaya bayan ɗaya, irin na kamfanin Kinman, 0.0012uF da 130k, wanda ni a kunnena yafi kama da gaskiya a fikof mai nadi ɗaya.

Kuɗi? Wallahi kafasita da resista biyun basu kai kuɗin adaidaita daga Ƙofar Nasarawa zuwa Bata ba, kuma duk mai gyaran rediyo ko masu kayan lantarki na wajen France Road suna da su, ka ce a baka mai lamba 102, ita ce 0.001uF, ko 681 wato 680pF. Akwai waɗanda ake saidawa a leda da sunan kamfani ana tsuga musu kuɗi, abu ɗaya ne.

Inda aikin yake shi ne zaɓen lamba, domin babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Tunda kebul ne ke jawo matsalar, maganin ma da kebul ake auna shi, mai kebul mita 3 a situdiyo da mai mita 10 a filin biki ba kafasita ɗaya zasu sa ba. Dabarar da nake yi, na like wayoyi biyu a ƙafafun fot na zaro su waje da ƴan maƙalai a baki, na jona kebul ɗin da nake fita aiki da shi, ba wani ba, na dinga canza kafasita ina saurare a bolum 7 da 5 da 3, wadda ta zauna ita zan like. Rabin awa ne amma ya fi ka buɗe jita sau huɗu.

Na fara sa tirebul bilid ne bayan wata dina da muka yi a wani ɗakin taro, duk lokacin da mai gabatarwa ya karɓi makirfo sai an rage, ni kuma da na rage sai jitar ta ɓace a ƙarƙashin fiyano kwata kwata, kamar bana wajen. Da tirebul bilid ko a 4 ana jin kowace waya. Ga masu salon Agadas da haylaif, inda yatsa ke gudu kuma ana son kowane ɗigo ya fito fes, ina ganin shi ne yafi dacewa.

Haɗarinsa kaɗan ne amma akwai. Ƙafafun kafasitar tsirara suke, in suka taɓa gwangwanin fot sauti ya ɗauke gaba ɗaya, don haka ka sa musu riga. Sannan in kana amfani da tsohon salon fedal ɗin foz mai sa sauti kaushi, irin Fuzz Face, wanda ake wanke shi da bolum ɗin jita, tirebul bilid zai iya sa shi tsawa. Kuma kar ka haɗa shi da haɗin 1950 lokaci ɗaya, yawanci kaifin yawa yake, zaɓi ɗaya.

Fot mai sakin ton da fot mai jan kai

Waɗannan biyun ba maganin dushewa bane, ƙari ne, amma tunda ka buɗe ramin za a ce maka ka sa su. Na farko Fender ke yinsa, suna ce masa No-Load, in ka kai 10 zaka ji ɗan ƙas, ton ya fita daga layi baki ɗaya sauti ya ɗan ƙara haske. Bambancin kaɗan ne, kuma sai ka yi oda. In jitarka duhu ne da ita yana taimakawa, in mai kaifi ce baka buƙata.

Na biyun fot ne da suwic a ƙasansa, in ka ja kan sama ya kashe nadi ɗaya na hambaka ta koma kamar mai nadi ɗaya. Pacifica 112V da shi take zuwa. Yana da amfani ga wanda jita ɗaya gare shi kuma a dare ɗaya zai buga salo uku. Amma sai hambakarka mai waya huɗu ce, masu araha da yawa biyu ne kawai, kuma launin wayoyi ba ɗaya bane tsakanin kamfanoni, a Seymour Duncan ja da fari ake haɗewa, a DiMarzio baƙi da fari. In ka ja, ƙara na raguwa kuma gurnanin wuta na dawowa. Wajen juriya shi ne mafi rauni a duk jerin nan, ƙafafunsa ƙanana ne roba na narkewa in ayan ya daɗe a kai, ƙura kuma tana son suwic ɗinsa.

Fikof mai batir

Irin na kamfanin EMG. A nan ba haɗi kake canzawa ba, duk cikin jitar kake juyewa: fikof, fot 25k, jak mai ƙafa uku, batir 9V. Dushewa in an rage bolum ta tafi, doguwar kebul bata dame shi ba, kuma gurnanin janareta da na fitilun ɗakin taro yana raguwa sosai, wannan ba ƙaramin abu bane a garin nan. Sababbin EMG ma ba a like su, cusawa ake. Amma kuɗin saiti ɗaya zai iya kai kuɗin jitar taka ta hannu ko ya wuce, babu shi a kasuwa sai oda, sai an samo wa batir wajen zama, in ka bar kebul a jone batir na ci, kuma batir mai araha in ya sha zafi yana zubar da ruwa a cikin rami. Sautin ma wani iri ne daban, matsattse, ba kowa yake so ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Samu a Kano | Juriya | Sauƙin aiki | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Haɗin zamani | babu | yana ciki | sosai | ba aiki | dushewa in an rage |
| Haɗin 1950 | dalma kawai | eh | sosai | waya ɗaya | bolum da ton na shafar juna |
| Tirebul bilid | kaɗan ƙwarai | eh | sosai | sauƙi, sai gwaji | sauti ya sirance in lamba bata dace ba |
| Fot No-Load | matsakaici | oda | mai kyau | sauƙi | ƙarin kaifi |
| Fot mai jan kai | matsakaici | da wuya | rauni | sai gwani | narkewa, gurnani |
| Fikof mai batir | tsada | oda | mai kyau | babban aiki | batir, wuyar komawa |

Maganar kafasitar ton

Wannan tana min ciwo saboda ina ganin yara na tara kuɗi wata guda don su siyo kafasitar Orange Drop ko tsohuwar kafasita mai takarda da mai. Abinda ke canza sauti lambar ce. 0.022uF, mai lamba 223, ita aka saba a hambaka, 0.047uF, mai 473, a nadi ɗaya, tsofaffin Stratocaster ma 0.1uF suke da ita shi yasa in an rufe ton nasu yake yin duhu ƙirin. Iya girma iya duhu in ka rage, a kan 10 kuwa da ƙyar zaka ji bambanci. In ton ɗinka ya zama mara amfani daga 5 zuwa ƙasa, sa ƙarama, ko a Strat ne gwada 223. Koriyar nan ta roba da ke shagon mai rediyo ta isa, kuma ƙarfin wutar da aka rubuta mata, ko 50V ko 600V, bai shafi jita ba.

Tunda muna kan Strat, asalin haɗinta tun 1954 fikof ɗin gada bashi da ton ko kaɗan, ɗaya na wuya ne ɗaya na tsakiya, shi yasa yake tsawa. Ƴar gajeriyar waya a kan suwic tana haɗa shi da ton na biyu. A gyare gyaren kyauta ban ga wanda ya kai wannan amfani ba.

In zaka yi da kanka, ɗauki hoton ramin kafin ka taɓa komai. Ayan mai wat 40 kake so don like bayan fot, ka kankare wajen ya yi haske tukun, ka yi sauri ka ɗaga, domin ayan mai sanyi da ake dannawa minti guda shi ke dafa cikin fot, kuma in wutar NEPA ta zo ba ƙarfi gara ka jira. Rufa tsumma a jikin jitar saboda ɗigon dalma. Fot mai ƙarar ƙasa ƙasa in ana murɗawa yawanci ƙurar hunturu ce, fesa masa maganin wanke kontak ka murɗa sau da yawa kafin ka yanke masa hukunci. Kuma dan Allah, wayoyin jita a haɗe suke da at ɗin amfilifaya, in kana jin wuta na ɗan cizonka a leɓe in ka kusanci makirfo, wannan ba matsalar bolum bace, at ɗin wajen ne ko na janareta, a tsaya a gyara kafin a ci gaba.

Toh wanne ne naka?

In baka taɓa bolum, bar haɗinka yadda yake, auna fot kawai ka tabbata lambarsa ta dace da fikof, kuɗin da ya rage ka siyi kebul mai kyau gajere. In Les Paul ko SG ko mai kama da su gare ka, kana bugawa da ɗan kaushi kana wankewa da bolum, fara da haɗin 1950, ka bashi sati biyu hannunka ya saba kafin ka yanke. In kai ɗan biki ne ko coci, kebul dogo, sauti wankakke, ana yawan ce maka rage, kuma kana son ton ya tsaya inda ka barshi, bar haɗin zamani ka ɗora tirebul bilid, ka gwada lamba da kebul ɗin aikinka. Masu Strat da Tele na salon Agadas su ma nan zan tura su, da na jere irin Kinman, su ƙara da wayar ton ta gada.

Mai jita da hambaka a gada da nadi ɗaya guda biyu, sa 500k sannan a ɗora resista 470k a kan suwic ta ɓangaren masu nadi ɗayan don su ga kusan 250k, wannan kai wa mai gyara in baka saba ba. Ɗan situdiyo mai kebul mita 2 zuwa 3 da ke shiga kwamfuta kai tsaye, dushewarka kaɗan ce, abinda zai fi maka amfani shi ne a shimfiɗa takardar tagulla ko ta alminiyom a cikin ramin a haɗa ta da at don rage gurnani. Fot mai jan kai na mai jita ɗaya ne da aiki iri iri, in hambakarsa mai waya huɗu ce kuma yana da mai gyara da ya yarda da hannunsa. Fikof mai batir kuwa sai wanda ke bugawa da distoshan mai nauyi a wuraren da janareta ke hana shi sakat, kuma jitar tasa ta cancanci a kashe mata wannan kuɗin, shi ma ya dinga yawo da batir na biyu a jaka.